Shagon duwatsun adon nan na Gusau, ga ra'ayina

Kayansu na da kyau gaskiya, ametis ɗin kalar shuni ce mai zurfi, an goge shi sumul, ba kwalba ba ce aka rina irin na wasu 'yan onlayin, kuma farashi da sauƙi in ka iya ciniki. Amma yarinyar da ke tsaron shagon sai a hankali, ina tsaye take ce ma wata baiwar Allah wai ta jefa malakayit cikin ruwa ta kwana ta sha saboda ulsa, haba dai! Koren dutsen nan jan ƙarfe ne a jikinsa, ba abin sha ba ne, mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi ma yara a Anka da Bukkuyum a 2010 ai bai kamata a riƙa jiƙa mana dutse ba. Selenayit kuma, wani farin dutse mai laushi, ruwa ɓata shi yake, ametis in ya daɗe a rana koɗewa yake, duk ba ta faɗa ma sababbin shiga, sai ma ta ce a shanya duwatsun a rana wai su ɗauki caji. Ni na ado na saya, babu hujjar likita cewa suna warkarwa, mai hawan jini kada ya aje ƙwayarsa. Tauraro uku na ba su.