Ajin koyon rubuta labarin zane a Birnin Kebbi: ga abin da na gani

Masu tambayata kan ajin nan na rubutun komik, wato labarin zane, da ake yi a wani shagon kwamfuta nan Birnin Kebbi, amsata dai ku shiga, amma ku sani ba zane ake koyarwa ba, ko fensir ba za a ba ka ba. Rubutun labarin ne zalla, kuma ni dama shi nike nema tunda na daɗe ina sakin labarai a WhatsApp.

Abin da ya fi kama ni a wurin malamin shi ne yadda ya nuna muna cewa mai rubuta komik da mai zane yake magana, ba da mai karatu ba. Sai ka rubuta shafi na kaza, akwati na ɗaya, wa ke ciki, ina yake kallo, rana ce ko dare, sannan ka sa maganar da za ta shiga da'irar bakinsa. Wata 'yar'uwa ta rubuta cewa Kanta, sarkin Kabi na farko, ya hau doki ya zare takobi ya juya ya dubi ganuwar Surame duk a akwati guda, malam ya ɗauki jan biro ya raba abin uku ya ce ƙanwata hoto ba ya motsi, ki zaɓi lokaci ɗaya. Wallahi daga nan ajin duka munka gane karatun. Haka maganar kalmomi, in sunka wuce 25 a da'ira ɗaya za su cinye fuskar da mai zane ya sha wahala a kanta, mu kuwa da munka saba jan zance a littafi nan ne gumi ya keto muna. Ya kuma yi bayanin hanyar da marubuci Stan Lee da mai zane Jack Kirby sunka bi a kamfanin komik na Marvel da ke Amurka a shekarun 1960, marubuci ya ba da ƙashin labari kawai, a zana, daga baya ya cusa magana, amma ya ce sabon shiga ya tsaya ga cikakken rubutu tukuna.

Batun kuɗi bai yi muna daɗin baki ba kuma na gode mashi. Ya ce marubucin da bai iya zane ba dole ya nemi abokin aiki, ko ya biya shi kan kowane shafi ko su yi yarjejeniyar raba riba a rubuce tun kafin a ja layin farko, don nan ne zumunci ke ɓaci. Ya ce kada kowa ya aje aikin da yake ci da shi. A fara da gajeren labari mai shafi biyar, a gama shi, a ɗora a manhajar Webtoon inda ake karantawa ana jan waya sama, shi ne shedarka in ka je neman aiki. Ya kawo misalin kamfanin komik na Comic Republic da Jide Martin ya kafa a Legas 2013 da taron Lagos Comic Con da anka fara 2012, wato sana'ar tana nan a ƙasar nan, mu ne Arewa ba mu shiga da ƙarfi ba.

Inda ban ji daɗi ba, ba a haɗa mu da masu zane ba, ka gama rubutu ka rasa wa za ka miƙa ma, alhali ga yara nan masu zanen allon shaguna da hannunsu ya faɗa. Sannan misalai kusan duk na jaruman Amurka ne masu tashi sama, ga mu da bikin kamun kifin Argungu da tarihin Kabi cike da labari. In anka ɗauke wuta ma sai dai a leƙa wayar malam, zafi kuwa ba a magana.

Kuɗin shiga bai yi tsada ba gaskiya. Wanda zai je ya tafi da littafin rubutu da labarinsa guda gajere a hannu, don tun ranar farko ake fara yanka shi akwati-akwati.