DJI Osmo Mobile 6 a hannun ɗalibai masu ɗaukar bidiyon waƙa

Idan malami ya raba aji rukuni-rukuni ya ce kowane rukuni ya kawo bidiyon waƙa na minti uku, abu na farko da ke tona asirin aikin shi ne rawar hannu. Mawaƙi yana tafiya, mai ɗauka yana bin sa da waya, hoto yana karkarwa kamar an ɗauka a bayan akori-kura. Maganin wannan matsalar aka ƙera Osmo Mobile 6 domin sa, wato sandar riƙe waya mai ƙananan injina uku da ake kira gimbal. Kamfanin DJI na birnin Shenzhen a ƙasar Sin ne ya fitar da ita a watan Satumban 2022, a kan dala 159 a lokacin.

Hukuncin a taƙaice: rawar hannu kam tana kashe ta, kuma ta cancanci rukunin mutum biyar ko shida su yi karo-karo su saya ko su yi haya. Sai dai mai wayar Android ya bincika sosai kafin ya zaro kuɗi, kuma akwai abubuwan da ba ta gyarawa ko kaɗan.

Nauyinta gram 309 ne, tana naɗewa ta shiga jakar makaranta. A kwali za a tarar da mariƙin waya mai maganaɗisu, da ƙaramar ƙafa uku da ake ɗaurawa a gindinta, da wayar caji. Tana ɗaukar wayar da nauyinta ke tsakanin gram 170 da 290, faɗinta milimita 67 zuwa 84, kaurinta bai wuce milimita 10 ba. Wannan lissafi yana da amfani. iPhone 14 Pro Max gram 240 ce, Galaxy S23 Ultra kuma 234. A ƙara musu riga mai kauri da gilashin rage haske a bakin kyamara, an kusa kai iyaka. Da zarar nauyi ya yi yawa injinan za su yi zafi, waya ta fara sunkuyawa, batir ya zube da wuri. A cire wa waya riga kafin a maƙala ta.

Maƙalawar ma akwai ƙa'ida. Mariƙin ya zauna daidai tsakiyar wayar, alamar kyamara da ke jikinsa tana kallon ɓangaren da kyamarar wayar take. In ya goce ko da faɗin yatsa ɗaya ne, injin da ke riƙe daidaito zai yi ta kokawa da nauyin, hoto ya fito a ɗan karkace, sai an je tebur ɗin edita a ga sararin sama ya jirkice. A duba kuma kada mariƙin ya danne maɓallin ƙara sauti ko na kashe waya. Kafin fita lokeshin a ajiye ta a kan ƙafa ukun bisa tebur mai shimfiɗe, a shiga manhajar DJI Mimo a sa ta daidaita kanta. Minti ɗaya ne bai cika ba.

Inda ta fi burgewa shi ne bin mawaƙi. Yanayi huɗu gare ta, ana sauya su da maɓallin M. Follow yana bin hannu hagu da dama, sama da ƙasa, shi ne na yau da kullum. Tilt Locked yana hana kyamara ɗaga kai ko sunkuyawa, kuma shi ya dace da zagaye mawaƙi ko bin sa a lungu mai tsawo. FPV yana barin hoto ya kwanta duk inda hannu ya kwanta, ya dace da amshi mai zafi da rawa. SpinShot yana juya hoto kamar fanka. Sau ɗaya a bidiyo ya isa, na biyu ya zama wasan yara. Akwai kuma sanda mai tsawon milimita 215 da ke zarowa daga cikinta. Da ita ake sauke waya kusa da ƙasa a bi takun masu rawa, sannan a ɗago a hankali har fuskar mawaƙi. Wannan ɗauka ɗaya tak tana sa aikin ɗalibai ya yi kama da na masu kayan aiki.

Ga abin da masu talla ba sa faɗa. Injinan uku suna gyara juyawa ne kawai, ba sa gyara hawa da saukar jiki. Mai ɗauka in ya yi tafiyarsa ta yau da kullum, hoto zai riƙa lilo sama da ƙasa da kowane taku. Dole ya ɗan durƙusa gwiwa, ya aza diddige kafin yatsu, gajerun taku, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari. Awa ɗaya ta gwaji a filin makaranta kwana ɗaya kafin shutin za ta nuna wa ya iya a cikin rukunin. In zai yi tafiya da baya yana fuskantar mawaƙi, wani ya riƙe masa riga ta baya yana yi masa jagora, don idonsa yana kan allo, ba ya ganin kwata.

ActiveTrack, wato bin fuska da kanta, tana aiki da kyau idan mutum ɗaya ne a fili. Ana zana akwati a kan mawaƙi, ko a danna maɓallin da ke ƙarƙashin yatsa manuni sau ɗaya. Amma 'yan amshi shida sanye da kaya iri ɗaya suna gilmawa ta gaban juna, sai ta saki wannan ta kama wancan. A irin wannan ɗauka a kashe ta, a bi da hannu.

Raunin da ya fi girma yana wajen Android. Manhajar Mimo ba ta cikin Play Store, daga shafin DJI ake sauke ta, kuma a wayoyin Android da yawa ba ta ba da damar zaɓen yawan firem (hotunan da kyamara ke ɗauka a daƙiƙa ɗaya) da saurin shata (buɗewa da rufewar idon kyamara) yadda take bayarwa a iPhone. DJI yana da jerin wayoyin da ya gwada a shafinsa. Mai Tecno, Infinix ko Redmi ya duba lambar wayarsa a can, ko ya tafi da ita shago a haɗa a gabansa. In manhajar ta ƙi, sandar za ta ci gaba da daidaita hoto da kyamarar wayar ta asali, amma an rasa bin fuska, kuma ɗan gargaren zuƙo hoto da ke gefe ba lallai ya amsa ba. Kusan rabin abin da aka biya kuɗi dominsa ke nan.

Batir ɗinta na mAh 1000 ne. Kamfanin ya ce yana kai awa 6 da minti 24 idan waya ta zauna daidai, caji kuma kamar awa ɗaya da rabi. Ya isa wuni guda in ana kashe ta tsakanin ɗauka da ɗauka. Wayar ce za ta riga ta mutuwa, kuma wannan samfurin ba ya ba waya caji, don haka fawa bank wajibi ne. An ƙayyade mata aiki tsakanin digiri 0 da 40, ga shi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafin Afrilu yakan haura haka da rana tsaka, wayar ma za ta dushe allo ko ta tsayar da ɗauka. A yi shutin daga bakwai zuwa goma na safe, sai kuma bayan la'asar, hasken ma ya fi kyau a fuska. Ba ta da kariyar ruwa ko ƙura; lokacin hunturu a goge gaɓoɓinta da busasshen burushi mai laushi bayan an tashi, a mayar da ita jaka.

Mamin kuwa, wato mawaƙi ya riƙa bin waƙar da aka kunna da bakinsa, babu ruwan sandar da shi, amma nan aikin ɗalibai ya fi lalacewa. Kada a kunna waƙar daga wayar da ake ɗauka da ita, domin kyamara takan tsayar da kiɗa da zarar an fara bidiyo. Waya ta biyu da sifika mai ƙarfi, a hannun mutum ɗaya wanda aikinsa ke nan. A sa ƙara huɗu "tit, tit, tit, tit" a farkon waƙar, mawaƙi ya san inda zai shiga, edita kuma ya ga tsinin sautin ya jera kowace ɗauka a kan asalin waƙar. Mawaƙi ya rera da murya sosai. Mai motsa leɓe kawai jijiyar wuyansa ba ta tashi, kuma mai kallo yana ganewa. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, saboda haka in akwai ƙwan lantarki a wurin a ɗauka a firem 25 ko 50, in ba haka ba hoto ya riƙa ƙyaftawa. A iPhone sai an kunna tsarin PAL a saitin kyamara kafin firem 25 ya bayyana. In ana son tafiyar hawainiya kuma baki ya dace da waƙa, a ninka saurin waƙar sau biyu, a ɗauka a firem 50, a mayar 25 wajen tacewa.

A lissafa wurin ajiya tun daga gida. iPhone tana cin kamar megabayit 170 a minti a 4K firem 30; ɗauka 20 masu minti huɗu-huɗu sun kusa gigabayit 14. A 1080 kuwa megabayit 60 ne a minti, kuma ya wadatar da aikin da za a haska a aji. Takardar gabatarwa daga sashen da ɗaliban ke karatu ita ma ta shiga jaka, a nuna wa mai unguwa ko shugabannin kasuwa kafin a kunna sifika a wurinsu.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, Osmo Mobile SE tana daidaita hoto kusan iri ɗaya, batir ɗinta ma ya fi daɗewa, awa 8, sai dai ba ta da sandar zarowa. Osmo Mobile 7P da ta fito a 2025 tana ba waya caji, kuma tana da ƙaramar na'urar bin fuska da ke aiki ba tare da Mimo ba, abin da ya sa ta fi dacewa da rukunin da duk wayoyinsu Android ne. In ta hannu za a saya, a maƙala waya a kunna, a kasa kunne kusa da injinan: kada a ji gurnani ko karkarwa, kuma a zaro sandar har ƙarshe a ga ba ta zamewa da kanta.