Gargaɗi ga masu tayar da tsofaffin motoci: a yi hattara da mai tallan fin da bushin ƙofa

Assalamu alaikum 'yan uwa makanikai, masu bugun bodi, da duk mai tsohuwar motar da yake son ya mayar da ita kan titi. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook na masu sha'awar tsofaffin motoci yana tallan fin da bushin hinjin ƙofa. Fin shi ne ɗan sandan ƙarfen da ke ratsa hinji ya haɗa ɓangarorinsa, bushi kuma ɗan zoben da ake sa wa a ramin hinji don fin ya zauna a cikinsa. Cewa yake shagonsa na Abuja, kuma kayansa na asali ne, ragowar na kamfani da ba a taɓa buɗewa ba. Ɗan damfara ne. Ya cuci mutanenmu a nan Jos, kuma ɓarnar da kayansa ke yi wa mota ta fi kuɗin da yake karɓa ciwo.

Ni aikin bodi nake yi a wajen Farin Gada, kuma kayan nasa sun zo hannuna, na juya su na auna. Abin da na gani zan faɗa.

Ba ya fara yi wa kowa magana. Jira yake wani ya rubuta cewa ƙofar motarsa ta sauka, ko yana neman fin ɗin hinji. Nan da nan sai wani daban ya shigo ya ce ai akwai wani bawan Allah a Abuja, shi ma a wurinsa ya saya, ga lambarsa. Wannan mai ba da shaidar, ko shi ne da wata wayar, ko abokin cin mushensa ne. Idan ka kira za ka ji mutum mai ladabi, Yallaɓai sama Yallaɓai ƙasa, ya san sunayen motoci, ya turo maka hotuna masu kyau na kaya a cikin leda da lamba a jiki. Hotunan daga shafukan 'yan kasuwar Turai da Amurka ya kwaso su. Ka ce ya nuna maka kayan a bidiyo, sai ya ce yana kan hanya, ko yaron shago ya tafi da makulli. Ka tambayi adireshi, sai ya ce wajen Apo, ko wajen Zuba, ba layi ba lambar shago. Waɗannan wurare ne da masu sana'ar gaskiya suka cika, da sunansu kawai yake fakewa. Sai kafin alƙalami, sai kuɗin mota, kuma sunan da ke kan asusun bankin ba shi ne sunan da ya gaya maka ba. Wasu daga nan ba su sake jin ɗuriyarsa ba. Wasu kuma ya aiko musu da ƙunshi ta tasha, kuma waɗannan su suka fi shan wahala.

Wani dattijo ya kawo mini Volkswagen Beetle ta mahaifinsa, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Legas tun 1975. Ya riƙe motar nan shekara da shekaru saboda marigayin. Ɗansa ne ya yi masa odar kayan, ya zo da murnarsa ya zazzage mini a kan benci: fin huɗu da bushi takwas masu ruwan zinariya. Na ce, Baba, motar nan ai hinjinta ba ya amfani da bushi. Fin ɗin Beetle kai tsaye yake shiga ƙarfen hinji, kaurinsa milimita 8, idan ramin ya cinye sai a gyara shi daidai a sa fin mai ɗan ƙarin kauri, 8.1 ko 8.2. Da yaron ya kira mutumin, amsar da ya bayar ita ce a sa dirila a faɗaɗa ramin har bushin ya shiga. Da an bi maganarsa, da hinjin ya tashi aiki. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, domin mutumin ya san sarai abin da zai biyo baya.

Babbar ƙaryarsa ita ce wai saiti ɗaya yana shiga kowace tsohuwar mota. Babu wannan. Land Rover Series II da IIA, na 1958 zuwa 1971, hinjinsu a waje yake, kuma abin da ke cikinsa ƙusa ce mai noti, da ɗan ƙwallon tagulla da sifirin. Motocin Amurka na shekarun 1960 da 1970, irin su Chevrolet, su ne aka fi sani da fin da bushin tagulla mai haƙora a bayansa don ya kama ramin. Abin da mutumin nan ke aikowa kwaikwayon wannan na Amurkan ne, na arha, shi yake tura wa mai Beetle, shi yake tura wa mai Land Rover, shi yake tura wa mai Mercedes. Ko a mota ɗaya ma, fin na sama da na ƙasa kan bambanta. Beetle na kafin 1968, madubin gefe a kan fin ɗin hinjin sama yake zama, don haka wannan fin ɗin daban ne.

Masu Peugeot 504 su ya fi farauta, don ya san yadda muke ji da ita. Motar ta fito a Faransa a 1968, aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna tun tsakiyar shekarun 1970 har cikin shekarun 2000, kusan babu gidan da ba shi da tarihi da ita. Sai ya ce kayansa daga tsohon siton Kaduna suka fito. Wani abokin aikinmu ya ɗaura kayan mutumin a ƙofar direba ta 504. Fin ɗin ya fi na asali siranta, ba a je ko'ina ba ƙofar ta sake sauka, ta fara cin fentin dogarin ƙasa, sabon fenti kuwa. Da aka kwance, ramin hinjin ya koma kamar ƙwai, saboda siririn fin yana ta kaɗawa a ciki duk lokacin da aka buɗe ko aka shiga gargada. Fin ana iya sake wani. Hinjin asali idan ya lalace, sai dai ka bi 'yan gwangwan da masu yanka motoci a Dilimi, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ka yi sa'a ka samu wanda bai fi naka cinyewa ba.

Bushin da ya ce tagulla ne, na kara masa maganaɗisu ya manne. Tagulla ba ta kama maganaɗisu. Baƙin ƙarfe ne aka yi wa rini, na goga magagari sau ɗaya launin ya tafi. Fin ɗin kuma magagari yana cin sa ba wahala, ƙarfe ne mai laushi da aka shafa wa farin ruwa. Ƙa'idar abin ita ce fin ya yi tauri, bushi ya fi shi laushi, don bushin ya riƙa cinyewa a madadin hinji, in ya ƙare a zare a sa wani. Mutumin nan kuwa ya juya abin.

Kafin ka nemi kaya a wurin kowa, tabbatar da cewa fin ne matsalar. Buɗe ƙofar rabi, ka kama ƙarshenta ka ɗaga sama, wani ya zuba wa hinjin ido. Idan wasan a tsakanin ɓangarorin hinjin yake, fin ne ko bushi. Idan kuwa ginshiƙin da hinjin ke jiki ne yake motsi, to tsatsa ce ko tsagewa, aikin walda ne, babu fin ɗin da zai gyara. In za ka zare, tokare ƙofar da jak da katako, ka yi hinji ɗaya bayan ɗaya. Ka auna tsohon fin da ma'aunin milimita irin na masu injin tana, wato injin fere ƙarfe, a wurin da bai cinye ba, kusa da kan fin ɗin, domin tsakiyarsa ta riga ta rame. Ka auna tsawo, ka auna ramin ta fuska biyu don ka gane ko ya baje.

Da waɗannan alƙaluman za ka tunkari mai sayarwa. Ka ce ya ɗora kayan a kan ma'auni ya nuna maka a bidiyo kai tsaye, ya kara maganaɗisu kana gani. Mai kayan gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Idan a Abuja yake da gaske, ai ba nisa, tura wani naka ya je shagon da tsohon fin a aljihu, kada kobo ya fita sai ya gani ya gwada. Kuma sau da yawa ba ka ma buƙatar oda. Mai injin tana da ya san aikinsa zai fere maka fin daga ƙarfe mai kyau daidai da raminka, in motar mai bushi ce ya yanka maka daga sandar tagulla. Motar Baba ma fin aka fere mata. Wajen sa bushi a matse shi da ƙusa da noti a hankali, guduma tana fasa shi, sannan a sa giris.

Ban sa lambarsa ko asusunsa a nan ba, saboda yana canza su, kuma mai yiwuwa sunan da ke kan asusun na wani ne da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wanda ya riga ya tura masa kuɗi ya garzaya bankinsa da rasit ba tare da jinkiri ba, kada ya goge hirarsu ko saƙonnin murya, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Wanda kuma ya riga ya ɗaura kayan a motarsa, ya zare su tun ramin hinjin bai baje ba. Masu kula da zauruka, don Allah ku tura wannan ga mutanenku, ku kuma sa ido kan sababbin lambobin da ke shigowa da shaidar wani mai kaya a Abuja.