Fijo 504 ko Marsandi 240D: Wacce Za a Fara Tayarwa?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya game da motoci biyu da mahaifinsu, Allah Ya jiƙansa, ya bari a rumfar gida, wato Fijo 504 mai shan fetur da Marsandi 240D mai shan gas. Ya ce dukansu sun kai shekara 15 ba a tayar da su ba, kuma kuɗin da ke hannunsa na gyaran ɗaya ne kawai. Malam, a ganina ka fara da Fijon, amma da sharaɗi guda wanda zan zo kansa, domin akwai abin da idan ka tarar da shi a cikin injinta shawarar za ta juya.

Kafin a kai ga bambancinsu, akwai hukuncin da ya hau kansu duka biyu: kada kowa ya ɗaura batir ya murza makulli don a ji ko za ta tashi. Bayan wannan tsawon lokaci baƙin mai ya tsiyaye gaba ɗaya zuwa ƙasan inji, bangon silinda ya bushe, wataƙila ma ringin fistin ya kama da tsatsa, saboda haka bugun kik ɗaya na iya karya ringi ko ya karce silinda. Abin da ake yi shi ne a kwance fulogi a Fijo, a kwance hita (fulogin da ke ɗumama injin gas) ko nozul (bakin da ke fesa gas) a Marsandi, a ɗiga ɗan mai a kowane rami, a bari ya kwana biyu ko uku, sannan a sa sifana a kan fulin gaban inji a juya a hankali da hannu. Idan ya zagaya sau biyu cif ba tare da cijewa ba, to da sauran rai. A leƙa salansa da gidan matatar iska tukuna, domin ɓera na tara tsumma a ciki, zanzaro kuma na toshe ƙananan bututu da laka.

Ta fuskar man da ya kwana a tanki, Marsandi ce ke da sauƙi. Fetur idan ya daɗe sai ɓangarensa mai saurin kama wuta ya bi iska, abin da ya rage ya zama danƙo ja mai warin tsohon fenti, ya toshe ƙananan ramukan kafireta, ya busar da robar famfon mai. Don haka Fijo sai an sauke tankinta an wanke, an warware kafireta an jiƙa, an sake kwantak da fulogi da tiyon mai. Gas kuwa yana da maiƙo, ba ya bushewa haka, har yakan kare ƙarfen da ya jiƙa. Matsalarsa ita ce ruwan da ke taruwa a ƙasan tanki da baƙar cuɗa mai yauƙi da ke tsirowa a ciki, wadda ke cika matatar mai cikin ɗan lokaci.

Sai dai kowane aiki da na lissafa wa Fijo, makanike mai matsakaicin sani zai iya yin sa a gindin bishiya, alhali abin da ke iya samun Marsandi ba na kowa ba ne. Injinta mai lamba OM616, mai lita 2.4, yana aiki da famfon injekta na Bosch, wato famfon da ke tura gas cikin inji, kuma a cikin famfon akwai sandar da ke ƙayyade yawan gas ɗin da ke shiga inji. Idan wannan sanda ta maƙale a buɗe saboda dogon zama, injin na tashi zai hau gudu ba ƙaƙƙautawa, ko an zare makulli ba zai mutu ba, har sai an toshe masa iska ko ya tarwatsa kansa. Shi ya sa dole makaniken injekta ya tabbatar sandar na motsi kafin a tayar, a kuma ajiye katako mai faɗi kusa da bakin shigar iska don ko-ta-kwana. Bugu da ƙari, injin gas da matsin iska yake kama wuta, matsin wannan injin kuwa ya kai 21 bisa 1, na Fijo bai kai 9 ba. Ringin da ya ɗan yi rauni ba zai hana Fijo tashi ba, za ta dai yi hayaƙi, amma Marsandi ƙi za ta yi ƙememe, musamman da sanyin safiyar hunturu.

Ga sharaɗin da na ambata. Injin 504 mai cc 1971 silindojinsa ba a jikin gangar injin aka huda su ba, hannayen riga ne na ƙarfe da ake zurawa, ruwan sanyaya inji na zagaye su kai tsaye, kuma abin da ya raba ruwan da baƙin mai shi ne ɗan siririn abin toshi a gindin kowanne. Kan injin kuma na alminiyam ne a bisa gangar baƙin ƙarfe, ga shi yawancin mutanenmu ruwan rijiya ko na famfo suke zubawa a lagireto ba tare da maganin tsatsa ba. Irin wannan ruwa idan ya yi shekara 15 a kwance yakan cinye alminiyam ɗin ta ciki. Saboda haka ka kwance notin juye baƙin mai na ƙasan inji kaɗan ka lura da abin da zai fara ɗigowa, tunda ruwa ya fi mai nauyi, shi ke kwantawa ƙasa. Idan baƙin mai ne zalla, madalla. Idan ruwa ne ya fara fitowa, ko man ya yi fari kamar shayi da madara, to aikin ya zama na sauke inji gaba ɗaya, kuma a nan ne Marsandi, wadda kanta da gangarta duk baƙin ƙarfe ne, za ta iya zama mafi arha idan nata injin ya juya lafiya. Idan har aka buɗe kan injin Fijo, ka ja kunnen makanike kada ya juya inji sai ya danne hannayen rigar, domin suna ɗagawa abin toshin ya tashi aiki.

Birki da taya ba su bambanta motocin da komai ba. Man birki na tsotsar laima daga iska, ya sa fistin na birki tsatsa, saboda haka sai an sake shi tare da robobi da tiyo, tayoyi kuma a zubar ko da zanensu na nan sabo. Inda Marsandi ta ƙara wahala shi ne ƙananan tiyon zuƙar iska da ke bin jikinta, domin da su ake kashe injin, da su kuma ƙofofi ke kulle kansu a masu wannan tsari. Roba ɗaya ta tsage sai ka zare makulli mota na ci gaba da ruri, ka buɗe bonet ka danna ɗan ƙarfen da aka rubuta STOP a jikinsa.

Abin da ya rinjayar da ni zuwa Fijo shi ne kayan gyara da masu gyaran. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) kuma ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000, lokacin da Turai ta daɗe da barin ta. Wannan ya sa a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna har yanzu ana samun kayanta, da dattawan makanikai da suka koyi sana'a a kanta. Samfurin Marsandi W123, wanda 240D ke cikinsa, an daina ƙera shi tun tsakiyar shekarun 1980, daga waje ake shigo da shi, kayansa na asali akwai su amma da tsada, mai iya saita famfon injektarsa kuma sai an cigita.

Marsandin kuwa kada ka bar ta yadda take kafin kuɗinta su samu. Ka juye tsohon ruwan lagireto, ka ɗiga mai a silinda ka riƙa juya injin da hannu duk wata, ka ɗaga kafet ka duba ƙasan inda ƙafa ke taka da ƙarƙashin mazaunin batir, inda ta fi yin tsatsa, sannan ka ɗora ta a kan bulo don nauyi ya sauka daga kan tayoyi.