Kafin ka zuba 'ya'yan kifi a tanki: wane iri ne zai jure cuta a Katsina?

Mai shirin kiwon kifi a Katsina ko Daura, kafin ya tambayi farashi, ya fara tambayar wace cuta ce ke kashe irin da zai saya, kuma ko tana jin magani.

Matasa masu kallon bidiyon gonakin Turai suna yawan tambaya kan trout. A bar wannan magana. Kifin ruwan sanyi ne, da ruwa ya haura digiri 20 ya fara wahala, shi ya sa a Afirka sai a tsaunuka irin na Lesotho da Kenya ake kiwonsa, ga kuma cututtukan bairos irin su IHN da IPN da ba su da magani. Karfasa tana son zafinmu, amma ita ma bairos ba ya raga mata: a 2018 cutar ISKNV ta yi mummunar ɓarna a gonakin tafkin Volta na Ghana.

Ni dai tarwada nake ba kowa shawara. Tana shaƙar iska kai tsaye, don haka ranar da aka ɗauke wuta famfo ya tsaya ba za ka wayi gari ka tarar da tanki ya juye ba. Yawancin cututtukanta na bakteriya ne. Aeromonas shi ke kawo jan gyambo da kumburin ciki. Columnaris kuma ka ga fari-fari a baki, jela da gashin baki suna cinyewa. Dukansu ƙazamin ruwa, cunkoso da ragowar abinci suke bi, musamman a zafin Afrilu da Mayu. Idan ka gane da wuri, ka sauya ruwa, ka rage abinci, ka sa gishiri, likitan dabbobi ya auna maka maganin bakteriya na oxytetracycline, galibi ana ceto su. Kuma ka ƙara kuɗi ka sayi jubenal, wato 'ya'yan kifin da suka ɗan tasa, sun fi fingalin, wato ƙanana masu tsawon yatsa, ƙwari nesa ba kusa ba.

Sai dai a wurin sayen ne ake cutar mutane. An taɓa sayar mini da tsumburarru, tsofaffin kifin da suka ƙi girma, da sunan jubenal. Abinci suka yi ta ci, jiki na nan yadda yake. Ka dube su da kyau, kai babba jiki siriri alama ce. Wasu dillalan kuma suna jiƙa kifi marar lafiya da magani kafin ka zo, ka gan shi garau, sai ya kwana biyu a wurinka gyambo ya fito. Akwai masu haɗa 'ya'yan da aka kamo a dam da na ƙyanƙyasa, su shigo maka da ƙwari da cuta. Kar ka yarda a kawo maka a jarka a tasha. Je wurin ƙyanƙyasar da ƙafarka, ka ga iyayen, ka sa a watsa abinci a gabanka. Masu lafiya rububi suke yi; waɗanda suka tsaya a tsaye a saman ruwa, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa.

Haka maganin ma. Duk wanda ya ce garinsa na ƙulli yana kashe bairos, ƙarya yake yi. Wanda babu lambar NAFDAC da ranar ƙarewa a jikinsa, bar masa kayansa. Sababbin kifi kuma a ware su mako biyu a tankinsu, da ragarsu da bokitinsu daban, kafin su haɗu da na gida.