Tsibirin Mnemba: shiru ake saya, kuma da tsada

Mnemba ɗan tsibiri ne a arewa maso gabashin Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, daura da ƙauyen Matemwe, wanda mutum zai zagaye da ƙafa cikin kusan minti 20. Masauki ɗaya ne tak a kansa, na kamfanin andBeyond, mai ɗakuna 12. Wanda bai kama ɗaki ba, ba a barinsa ya taka gaɓar. Ga ango da amarya, wannan sirri shi ne ainihin abin da ake biya.

Daga filin jirgin Zanzibar tafiyar mota ce ta kusan awa ɗaya da rabi, sai kwalekwale mai inji na 'yan mintuna. Babu gadar sauka, cikin ruwa ake tsoma ƙafa a hau. Amarya ta ajiye leshi da takalmi mai tsini a jaka, ango ya naɗe ƙafar wando har gwiwa. A nemi jirgin da ke sauka da rana, don ƙetarawa da dare ba daɗi.

Inda Mnemba ya yi wa otel-otel ɗin ƙauyukan Matemwe da Paje na gaɓar Zanzibar fintinkau shi ne ruwa. A can, in teku ya janye, sai a yi ta taka yashi da ciyawar ruwa kafin a kai inda za a yi iyo. A nan kuwa kusan kowane lokaci ana shiga. Ruwan garai-garai ne, kifi na gilmawa ta gefen ƙafa, kunkurun teku kuma na hawowa yashin su yi ƙwai.

Sai dai kaɗaicin yana da giɓi. Da hantsi kwalekwalen 'yan yawon buɗe ido kan yi cincirindo a kan duwatsun murjani na cikin teku da ke kewaye da tsibirin, da ƙarar inji da hayaniya. Matar da ba ta son idon jama'a ta shiga ruwa da sassafe ko bayan la'asar.

Kuɗin dare ɗaya ya haura dala dubu a kan mutum ɗaya, ya haɗa abinci da abin sha. Har da giya a lissafin, wadda marar sha ma ya biya, don haka a sanar da su tun wuri cewa abincin halal ake so.

A guji Afrilu da Mayu, lokacin mamakon ruwan sama ne. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun kafin a sa ranar biki. A riƙe katin rigakafin shawara, da inshorar dala 44 da Zanzibar ta wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024.