Gyaran ɗakin karatun gwamnati: an yi fenti, an bar rufi

Ma'aikatar ayyuka ta kammala gyaran ɗakin karatun da nake zuwa, kuma akwai abin yabo. An sake wayoyin lantarki an sa su cikin bututu, an yi gangara a bakin ƙofa saboda masu keken guragu. Madalla.

Matsalata rufin kankare ne. Ɗan kwangila ya shafe bango da fenti alhali danshi na ciki, damina na sauka fentin ya fara kumbura yana ɓarewa. Na leƙa indararo, cike yake fal da ganye da ƙasa. Ruwa ya kwanta a saman rufi, ya ratsa siminti har ya kai ga rodi. Shi kuwa rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga kankare daga ciki. A kusurwar sashen jaridu ɓaraguzai sun fara zubowa kan tebur.

Abin haushin, yawanci kwangilar gini tana da wa'adin da ɗan kwangila zai dawo ya gyara aibi da kuɗinsa, shi ya sa ake riƙe wani kaso na kuɗin aikin. Mun kai ƙorafi a rubuce, injiniya ya zo ya ɗauki hoto. Har yau bokiti muke tarawa.